Kafin Ka Biya Kuɗin Motar Haibirid, Duba Batirinta

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, lissafin kowane mai mota a Kano ya sauya. Litar da ba ta kai naira 200 ba sai ga ta ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce naira 1,000. Ma'aikacin da ke tasowa kullum daga Hotoro ko Rijiyar Zaki zuwa masana'antun fata da na roba a Sharaɗa da Challawa, ko zuwa kamfanonin Bompai, ya fi kowa sanin haka, domin wani yanki na albashinsa a gidan mai yake ƙarewa. Shi ya sa hankalin mutane da dama ya koma kan motar haibirid, wato mai haɗa injin fetur da na lantarki, irin su Prius da Camry da Highlander na kamfanin Toyota.

Motar ba yaudara ba ce. Tun 1997 Toyota ta fito da Prius a Japan, kuma tana da tsimin mai na gaske, musamman a cunkoso. Idan aka tsaya sai injin fetur ya mutu, idan aka taka birki kuma ƙarfin da zai tafi a banza sai ya koma caji. Wanda zirga-zirgarsa cikin gari ce, tsakanin tireloli da A Daidaita Sahu, shi ne zai fi cin moriyarta. Mai yawan bin hanyar Zariya zuwa Kaduna da gudu ba zai ga bambanci mai yawa haka ba.

Sai dai akwai abin da dillali ba zai fara gaya maka ba: rabin darajar wannan mota na cikin wani akwati da ke ɓoye a bayan kujerar baya ko ƙarƙashinta, babban batir ke nan. A Amurka, inda yawancin tokumbonmu ke fitowa, garantin da Toyota ta ba wa batirin tsofaffin samfura shekara 8 ne ko mil 100,000. Sai daga ƙirar 2020 aka ɗaga shi zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Ke nan Camry ta 2008 ko Prius ta 2012 da kake gani tana sheƙi a wurin sayar da motoci ta daɗe da wuce wannan wa'adi. Batirin yana iya zarce wa'adin da shekaru, amma sayensa ba tare da gwaji ba cinikin biri a sama ne.

Batirin ba dunƙule ɗaya ba ne. Na Prius ta 2004 zuwa 2009 ƙananan batura 28 ne a jere, ƙarfinsu ya ɗan haura bolt 200. Na Camry ta 2007 zuwa 2011 guda 34 ne. Idan ɗaya ya raunana sai ya ja sauran. A nan wasu ke yin dabara: a cire mataccen, a saka wani tsoho daga wata motar, a goge alamar matsala da kwamfuta, a fito da ita kasuwa. Za ta yi lafiya na ɗan lokaci, sannan na kusa da shi ya bi sahu. Saboda haka kunnen bakanike, komai ƙwarewarsa a injin fetur, bai isa ba a nan. Ka je da mai na'urar kwamfuta da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, wanda ya san haibirid, kuma kai za ka zaɓo shi ka biya shi, ba mai motar ba. Ya nuna maka ƙarfin kowane rukuni na batirin, motar na tsaye da kuma tana tafiya. In wani ya yi ƙasa sosai da 'yan'uwansa, ka samu amsa. In lambar P0A80 ta fito, ma'anarta a sauya batir. In kuma na'urar ta nuna ba a daɗe da goge bayanan motar ba, ka tambayi dalili.

Ko ba kwamfuta akwai abin da idonka zai gane. Danna maɓallin tayarwa sau biyu ba tare da taka birki ba: duk fitilun gargaɗi su kama. Wadda ta ƙi kamawa wataƙila kashe ta aka yi da gangan. Sannan ka tayar, ka ga kalmar READY ta fito, ka kunna esi har ƙarshe, ka zuba wa ma'aunin batir ido. Lafiyayye a hankali yake sauka. Wanda ya gaji kuwa yanzu ya cika, yanzu ya zube, injin fetur na ta tashi yana mutuwa, fankar baya na gurnani. Kada ka yarda da zagayen layi ɗaya. Ka nemi tafiyar aƙalla rabin sa'a, da rana tsaka.

Da rana tsaka na ce, domin zafi shi ne babban abokin gabar batirin nan, a Kano kuwa ma'aunin zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Iskar cikin mota ce ke sanyaya shi, wata ƙaramar fanka ke zuƙo ta ta wata kafa da ke kusa da kujerar baya. Ƙurar hunturu da wadda manyan motoci ke tayarwa a hanyoyin Sharaɗa da Challawa tana toshe wannan fanka, wasu ma sukan rufe kafar da rigar kujera ko jakar kaya ba su sani ba. A haibirid, esi ba ƙawa ba ne. Kwamfaresarsa da lantarki take aiki a yawancin samfura, kuma mai na musamman take sha, ND-11. Mai gyaran da ya ɗura mata na gama-gari zai iya jawo asarar da ta fi kuɗin gyaran nesa ba kusa ba. Tambayi ko an taɓa buɗe esin, kuma wa ya buɗe.

Sai ruwa. Motoci da yawa da ake shigowa da su daga gwanjon Amurka, irin su Copart da IAA, kamfanonin inshora ne suka yar da su bayan haɗari ko ambaliya. Tsohuwar motar fetur kan iya jure jiƙewa. Haibirid da ruwa ya shiga batirinta ko wayoyinta ba ta cika komawa daidai ba. Ɗaga kafet, leƙa gurbin safaya, duba tsatsa a ƙarƙashin kujeru, shinshina ko akwai warin ruma. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 kuwa, a saka ta a intanet a binciko tarihin motar. Sau da yawa har hotunanta na ranar gwanjo ake samu, da ainihin tafiyar da ta yi kafin a taɓa mita. Prius kuma gajera ce, cikinta kusa da ƙasa yake. Wanda ya san yadda ruwa ke kwanciya a ramukan unguwannin masana'antu a watan Agusta, ya yi wannan lissafin tun kafin damina.

Sauran abubuwan a taƙaice ne. Prius ta 2010 zuwa 2015 ta yi suna da ƙona gaskit idan ta tsufa, alamarsa kakkarwa da safe da raguwar ruwan lagireto. Famfon birki da ke yawan ƙara ko da ba a taka ba gyara ne mai tsada. A leƙa salansa a tabbata ba a sace matatar hayaƙi ba, wadda makanikai ke kira indomi, domin ta Prius na da daraja wurin ɓarayi. A tabbata ba mai sitiyarin dama ba ce aka juya. Takardun kwastan kuma a tantance su a ofishin hukumar, domin a Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa.

Gargaɗi ɗaya na rai ne, ba na kuɗi ba: duk wayar da ka gani mai launin ruwan lemo a cikin motar nan, wutar da ke cikinta tana kisa. Kada kai ko yaron gareji ku taɓa ta.

Kafin ka shiga ciniki, ka fara zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa ko wurin masu gyaran haibirid ka ji nawa ake sayar da batirin ainihin samfurin da kake so, da kuɗin ɗaura shi, da tsawon garantin da za a rubuta maka. Ɗora wannan a kan farashin motar, sannan ka auna da man da za ka rage a shekara. Idan lissafin ya fita, bismillah. Idan mai mota ya ƙi a jona kwamfuta, ko ya ce sai ka ba da kafin alƙalami tukuna, yi masa sallama ka nemi wata.