Kada Wayarka ta Kai Masu Masaukinka Kurkuku

Duk mai shirin zuwa ƙasar Sin, sarin kaya ne ko karatu ko baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou a watannin Afrilu da Oktoba, ya tsaya ya saurara. Maganar ta fi shafar 'yan'uwanmu Kirista, amma Musulmi ma suna da rabonsu a ciki. Idan wani abokin ciniki ɗan ƙasar ya amince da kai har ya ce ka biyo shi sujada, sai ka ga an haura da kai wani ɗaki a saman bene, labule a sauke, ana rera waƙa ƙasa-ƙasa, to cocin gida ka shiga, irin wanda gwamnati ba ta yi wa rajista ba. Daga wannan lokaci amanar mutanen ɗakin ta hau wuyanka, kuma babu abin da ya fi wayar aljihunka zama haɗari a gare su.

Ba wai Sin ta haramta Kiristanci ba ne. Akwai majami'u masu rajista ƙarƙashin ƙungiyoyin da hukuma ke sa wa ido, kamar babban cocin Katolika na dutse da ke titin Yide a Guangzhou, inda 'yan Afirka ke cika ran Lahadi. Can ka ɗauki hoto son ranka. Waɗanda suka ƙi shiga ƙarƙashin hukuma su ne a tsaka mai wuya, musamman tun 1 ga Fabrairun 2018 da sabbin ƙa'idojin addini suka fara aiki. A Satumban shekarar aka rufe cocin Zion na Beijing bayan ya ƙi yarda a kafa masa kyamarorin sa ido. Ran 9 ga Disamba 'yan sanda suka dirar wa cocin Early Rain a Chengdu, suka kwashe mutum sama da 100, fastonsu Wang Yi kuwa shekara tara aka yanke masa a ƙarshen 2019. A Disamban 2018 ɗin dai aka garƙame cocin Rongguili a Guangzhou ɗin da muke zirga-zirga, wanda Samuel Lamb ya kafa, dattijon da ya yi fiye da shekara ashirin a tsare kafin rasuwarsa a 2013. Kuma abin bai lafa ba: a Oktoban 2025 aka kama Jin Mingri, faston Zion, a garin Beihai, aka kuma kama shugabannin cocin da dama a wasu garuruwa, bisa zargin amfani da intanet ba bisa ƙa'ida ba.

Wannan zargi na ƙarshe shi ya kamata ya tsinka mana zuciya, domin mun san halinmu. Mutum bai gama sauka Kano ko Abuja ba ya zuba hotuna a Facebook. Ran Lahadi ya miƙe ba da shaida, ya faɗi gari, ya faɗi unguwa, ya faɗi sana'ar mai gidan, wai don jama'a su ga ikon Allah, yaran da ke riƙe da kyamarar coci kuma su ɗora bidiyon kafin a tashi. Kafin yamma ya zaga rukunin zumuntar mata da na matasa. Niyya mai kyau ce, ban musa ba. Sai dai jami'in tsaro ba ya tambayar niyya. Fuska ɗaya a hoto ta ishe shi a ƙasar da kyamarori masu gane fuska suka cika tituna. Ko an rufe fuskokin, ginin da ake hangowa ta taga yana faɗin wurin, haka ma bayanin da waya ke liƙa wa hoto na inda aka ɗauke shi. Layin wayarka na can da fasfonka aka yi masa rajista, otal ma ya kai wa 'yan sanda sunanka tun daren farko. WeChat kuwa, wanda dole da shi za ku yi magana tunda an toshe WhatsApp, hukuma na iya ganin abin da ke cikinsa.

Baƙo raɓa ne. Abin da ya fi yiwuwa ya same ka shi ne a ci ka tara, a soke bizarka, a sa ka a jirgi. Mai gidan shi zai rasa haya, ya rasa aiki, a yi ta kiransa ofishin 'yan sanda, wataƙila ya kwana a can shekaru.

Sai batun kuɗi da wa'azi. Kada tausayi ya sa ka tura baiko ta waya ko ta banki. A 2022 wata fasto mai suna Hao Zhiwei ta sha ɗaurin shekara takwas a lardin Hubei bisa tuhumar zamba, alhali baikon 'yan cocinta ne tushen tuhumar. Kuɗin da ya fito daga baƙo ya fi wannan sauƙin juyawa ya zama laifi. In sun girmama ka suka ce ka yi musu jawabi, ka ba da haƙuri, domin ƙa'idojin da suka fara aiki a Mayun 2025 sun hana ɗan waje yi wa 'yan ƙasa wa'azi ba da izini ba.

Malamai da alhazai, ku ma ku kiyaye. A 2018 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da jerin ƙasashe 26 da hukumomin yankin Xinjiang na Sin ke tuhumar duk mai hulɗa da su, kuma Najeriya na ciki. Gaisuwar Sallah da ka aika wa wani ɗan ƙabilar Uygur ta Xinjiang da kuka haɗu a kasuwa tana iya ja masa tambayoyin da ba zai iya amsawa ba.

In za ka irin wannan taro, bar wayar a otal, kada ka tambayi cikakken sunan kowa, kada ka ja wani baƙon da ba a gayyata ba. In ka dawo kana son ikilisiya ta yi musu addu'a, ka ce "'yan'uwa a Sin" ka tsaya nan. Wanda kuwa ya riga ya ɗora hoto ko bidiyo, ya sauke shi yau ɗin nan, ya bi waɗanda ya tura wa ɗaya bayan ɗaya su goge, ya roƙi fasto a yanke wannan sashe daga bidiyon sujada. Kuma kada ya aika wa mai masaukin nasa saƙon ban haƙuri ta WeChat, domin saƙon ma hujja ne a kansa.