Garkuwar da Cuta Ke Bari da Wadda Allura Ke Bayarwa

Jikin ɗan Adam kan koyi yaƙi da ƙwayar cuta ta hanya biyu: ko mutum ya kamu ya warke, ko a yi masa allurar rigakafi. A duka biyun aiki ɗaya garkuwar jiki take yi. Fararen ƙwayoyin jini sukan gane baƙon, su samar da sinadaran da ke manne masa su hana shi ɓarna, sannan wasunsu su riƙe kamanninsa domin ranar da zai dawo. Bambancin yana ga abin da aka nuna wa jikin. Majinyaci da ƙwayar gaba ɗayanta yake gamuwa, tana hayayyafa a cikinsa. Mai allura kuwa wani yanki nata ake nuna masa, ko wadda aka kashe, ko aka raunana. Yawancin alluran korona sun nufi 'yar ƙayar nan ce da ƙwayar ke maƙalewa da ita a hanyoyin numfashi.

Shi ya sa garkuwar wanda ya warke takan fi faɗi, a wasu cututtuka ma takan zauna har ƙarshen rayuwa. Ƙyanda misali ce. Sai dai tsadarta ta yi yawa: ƙyanda kan makantar da yaro ko ta yi ajalinsa, kuma takan goge wani ɓangare na kariyar da jikinsa ya tara a kan wasu cututtukan. Ga shi ba kowa ke fita da garkuwa iri ɗaya ba. Wanda korona ta taɓa sama-sama yakan tashi da kariya mai rauni. Allura kuwa a aune take. Illarta ba ta cika wuce zazzaɓi da tsamin hannu na kwana ɗaya ko biyu ba, ko da yake an samu daskarewar jini jefi-jefi a wasu da suka karɓi allurar korona ta AstraZeneca, irin wadda ta fara isowa Najeriya a Maris na 2021.

Masu cewa a bar annoba ta ratsa jama'a har kowa ya samu garkuwa sun ga ƙarshen wannan lissafi a Manaus ta ƙasar Burazil. Korona ta kama ɗimbin mutanen birnin a 2020, har aka zaci ta gama. A Janairun 2021 ta dawo da sabon nau'i, iskar shaƙa ta ƙare a asibitoci, majinyata suka riƙa mutuwa a kan gado.

Ita ma allurar ba ta tsira daga wannan sauya kama ba. Da nau'in korona na Omikiron ya ɓulla a Nuwamban 2021, ya kama waɗanda suka warke da waɗanda aka yi wa allura. Abin da ya fi jurewa shi ne kariya daga tsananin ciwo da mutuwa. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa waɗanda suka haɗa biyun, suka warke kuma suka karɓi allura, su suka fi ƙarfin garkuwa, dalilin da ya sa likitoci suka riƙa shawartar wanda ya warke ma ya je a yi masa.