Yadda Ake Tada Tsohuwar Kwamfuta Daga Barci

A cikin shekarar 2025 ma'aikatan Jami'ar Utah ta ƙasar Amurka suna kwashe tarkace daga wani ɗakin ajiya, sai suka ci karo da wani nannaɗaɗɗen tef mai faɗin rabin inci. Rubutun da ke jikinsa ya nuna yana ɗauke da Unix na 4, wanda aka fitar a 1973, kuma kafin ranar masana ba su san da wani cikakken kwafinsa ba. Ba wanda ya yi garajen ɗora shi a kan inji. Sai aka kai shi gidan tarihin kwamfuta da ke Kalifoniya, aka karanta shi cikin lallami a watan Disamba.

Unix dai babbar manhaja ce, wato wadda ke tafiyar da kwamfuta ɗungurungum. Ken Thompson da Dennis Ritchie ne suka ƙirƙiro ta a Bell Labs, ta girma a kan injin PDP-11 wanda kamfanin DEC ya fara sayarwa a 1970. Ana ce wa injin ƙaramar kwamfuta, amma tsayin akwatinsa ya kai na babban firji.

To, yaya ake ɗora manhaja a kan injin da bai san kome ba? A nan ne aikin yake. Idan an kunna shi babu abin da zai yi, domin bai ma san yadda zai karanta tef ɗin ba. Sai mutum ya tsaya gaban jerin makunnan da ke fuskarsa, yana ɗaga wannan yana sauke wancan, ya shigar da umarni da hannu. Takardar bayanin Unix na 6, na shekarar 1975, ta ba da layi 6 na lambobi domin wannan aiki. Kuskuren makunni ɗaya ya isa injin ya yi shiru. Waɗannan 'yan lambobi su ke jawo wani ɗan shiri daga kan tef, shi kuma ya kwafe sauran zuwa kan faifai. Daga nan sai a tada injin daga faifan, a buga sunan manhajar a kan tafireta, ya amsa yana neman sunan mai shiga.

Faifan da aka fi amfani da shi, RK05, faɗinsa inci 14, abin da yake ɗauka kuwa kamar megabayit 2.5. Hoto guda na wayar hannu a yau yakan wuce haka. Kan da ke karanta shi ba ya taɓa shi, iska ce ke riƙe da shi a tazarar da ba ta kai kaurin gashi ba. Ƙwayar ƙura ɗaya in ta shiga tsakani sai kan ya karce faifan, abin da ke ciki ya tafi ke nan. Wanda ya san ƙurar hunturu a Arewa ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Shi ma tef yana da nasa ciwon. Ƙaron da ke riƙe garin maganaɗisu a jikinsa yana shan raɓa da daɗewa, ya yi danƙo, har ya riƙa goguwa a kan injin da ke karanta shi. Maganinsa shi ne a gasa shi a hankali, a zafin da bai wuce digiri 55 ba, sa'an nan a kwafe shi tun bai koma ba.

Gyaran injin kansa kuwa ba baƙon abu ba ne ga mai gyaran rediyo a Anguwan Rukuba ta Jos: a cire kayan wuta da suka mutu, a liƙa sababbi da dalma, wadda akasarinta kuza ce, irin wadda aka yi shekaru ana haƙa a tsaunukan Filato. Matsalar ita ce DEC ya daina ƙera injin tun shekarun 1990, kamfanin Compaq kuma ya saye shi a 1998. Saboda haka masu sha'awa da yawa sun koma ga SIMH, manhajar da Bob Supnik ya fara a 1993, wadda ke sa kwamfutar zamani ta kwaikwayi PDP-11. A kanta ne aka tada abin da aka ciro daga tef ɗin Utah, kwanaki kaɗan bayan an karanta shi.