Kanan-Bakashe: an sabunta Windows, firinta ta yi shiru

Ran 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025, kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, shekaru goma bayan fitowarta. Hukunci ne da aka yanke can nesa, amma ya iso har teburin mai buga takardu a Kanan-Bakashe, cikin gundumar Mayahi, inda kwamfuta ɗaya tal ke fitar da takardar neman aiki, da yarjejeniyar sayen gona, da lissafin buhunan wake na ɗan kasuwa. Wanda ya koma Windows 11 da dare, zai iya wayar gari ranar kasuwa da jama'a a ƙofar shago, firinta kuwa ko motsi.

Sau da yawa firintar lafiyarta lau. Abin da ya ɓace shi ne ƴar ƙaramar manhajar da ke tafinta tsakaninta da kwamfuta, wadda masu gyara ke kira direba. Magani shi ne a goge firintar daga jerin na'urori, a sauko da sabon direba daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, a sake haɗa su. Idan tsohuwa ce ƙwarai, har kamfanin ya daina yi mata direba, to na Windows 10 yakan yi aiki, ya kamata a gwada shi kafin a yi maganar sayen sabuwa.

Akwai kuma matsalar da ta fi tayar da hankali, alhali ita ce mafi sauƙi. Ma'aikaci ya buga kalmar sirrinsa sau uku, na'ura ta ƙi buɗewa. Bai manta ba: allon rubutu ne ya juya daga tsarin Faransa, AZERTY, zuwa na Ingilishi, QWERTY, sai A ta koma Q, Z ta koma W. Ƙasar da ke aiki da Faransanci amma take sayen na'urori na hannu daga kasuwannin Kano ta san wannan ruɗani. A kusurwar allo ta ƙasa akwai alamar harshe, dannawa ɗaya ta isa.

Abin da ya fi cancanta ƴan kasuwa da ma'aikata su riƙe shi ne wa'adin kwana 10. Bayan sabuntawa, Windows na ajiye tsohuwar manhaja cikin wani kundi mai suna Windows.old, kuma cikin waɗannan kwanaki ana iya komawa gidan jiya ta hanyar Paramètres, sannan Système, sannan Récupération. Da wa'adin ya cika, kundin zai goge kansa. Wasu ma, da ganin ya cinye wuri, sai su share shi da hannunsu tun ranar farko, su datse hanyar komawa ba su sani ba. Wanda ya zauna jiran ranar da zai samu motar Tasawa ko Maraɗi don ganin mai gyara, ya dinga ƙirga kwanakin.

Ba kowace na'ura ce Windows 11 ke karɓa ba. Tana neman giga 4 na ƙwaƙwalwa, giga 64 na ma'aji, da wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0; yawancin na'urorin da aka ƙera kafin 2017 ba su cika sharuɗɗan ba. Masu gyara sun san dabarar tsallake shingen, sai dai Microsoft ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin waɗannan na'urori gyara ba. Mafi muni, wasu kan share ma'ajin gaba ɗaya su zuba sabuwar manhaja; a nan babu Windows.old, babu komawa, littafin bashin shekaru ya tafi ke nan in ba a kwafe shi a wani ma'aji na dabam ba.

Sai batun wuta. Jihar Maraɗi ba ta manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar. Ko ba takunkumi, ɗaukewar wuta a tsakiyar sabuntawa na iya barin kwamfutar tebur ta kasa tashi. Mai ta tafi-da-gidanka ya cika batirinta tukuna. Mai ta tebur kuwa ya jira ranar da janareto ke da isasshen mai, kuma ba jajibirin kasuwa ba.