Gicciyen Kristi, Ginshiƙin Bangaskiyarmu

Karatu: 1 Korintiyawa 1:18-25, Kolosiyawa 2:13-15

Yau za mu yi magana a kan gicciye. Abin da ya kawo wannan magana wata wasiƙa ce da muka samu daga wata 'yar'uwa. Ta ce ɗanta ya daɗe yana ciwo, sai uwar mijinta ta sayo ƙaramin gicciye na ƙarfe a kasuwa, ta ɗaura wa yaron a wuya, ta ce zai kori mayu. 'Yar'uwar tana tambaya, wannan daidai ne? Ba za mu iya amsa mata ba sai mun fara ganin ko mene ne gicciye. To, ku ɗauko Littafi Mai Tsarki, ku kira yara su zauna kusa.

Mun saba da gicciye ƙwarai. Yana kan rufin majami'a, yana jikin zanen matan zumunta, yana kan kabarin iyayenmu. Saboda sabo, mun manta cewa a zamanin Yesu ba mai yin ado da shi. Gungumen kisa ne. Romawa suna rataye bayi da 'yan fashi da 'yan tawaye a kansa. Ɗan ƙasar Roma kuwa, a bisa al'adarsu, ba a yi masa irin wannan kisa, domin ya cika wulaƙanci. A shekara ta 71 kafin haihuwar Kristi, bayan an murƙushe tawayen bayi wanda Spartakus ya shugabanta, an gicciye mutum wajen 6,000 a bakin hanyar da ta nufi Roma, don duk mai wucewa ya gani ya ji tsoro. A 1968 masu tonon kayan tarihi a Urushalima sun sami ƙasusuwan wani mutum da aka gicciye a ƙarni na farko, ƙusar ƙarfe tana nan cikin ƙashin diddigensa. Za a yi wa mutum bulala, a tuɓe shi, a kafe shi a fili, ya yi ta fama da ƙishi da numfashi. Wani yakan kwana biyu ko fiye kafin rai ya fita.

Ga Yahudawa abin ya fi haka muni. Maimaitawar Shari'a 21:23 ta nuna cewa wanda aka rataye a itace la'ananne ne a gaban Allah. Shi ya sa Bulus ya ce maganar gicciye abin tuntuɓe ce ga Yahudawa, wauta kuma ga al'ummai. A 1857 an gano wani tsohon zane a jikin bango a birnin Roma. An zana mutum mai kan jaki a kan gicciye, da wani yana tsaye yana yi masa sujada. Ba'a ce ake yi wa wani Kirista. Kun ga ba yau aka fara yi mana dariya ba.

In da manzanni suna neman farin jini ne, da sun ɓoye wannan labari, sun tsaya a kan warkar da makafi da ciyar da mutum 5,000. Amma ku duba Markus. Surori 16 ne, daga sura 11 har ƙarshe kuwa labarin mako guda ne kawai, makon da aka kashe Yesu ya kuma tashi. Bulus ma, mutum mai ilimi, ya gaya wa Korintiyawa cewa ya ƙudura ba zai kawo musu kome ba sai Yesu Kristi da gicciyewarsa. Baftisma tana nuna mutuwarsa da tashinsa. Gurasa da ƙoƙon Jibin Ubangiji suna nuna jikinsa da jininsa. Duk inda muka juya cikin ikilisiya, gicciye muke tararwa.

Maƙwabtanmu Musulmi suna girmama Annabi Isa, amma sun gaskata cewa ba a gicciye shi ba. Da yawa cikinmu an taɓa yi mana wannan magana a kasuwa ko a wurin aiki. Kada mu amsa da zagi ko faɗa. Mu faɗi abin da muka sani cikin ladabi. Bishara huɗu duka sun shaida an gicciye shi a zamanin Bilatus Babunti, wanda ya yi mulkin Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa 36. Har wani marubucin Roma mai suna Tasitus, wanda ba ya ƙaunar Kirista ko kaɗan, ya rubuta cewa an kashe Kristi a hannun Bilatus a zamanin sarki Tibariyas.

To, me ya faru a Golgota? A nan za mu ɗan daɗe.

Ku tuna da kakanninmu. Kafin bishara ta zo ƙauyukanmu, in wani ya yi abin ƙyama, ko ciwo ya shiga gida, ko ruwan sama ya ƙi zuwa, dattawa sukan ɗauki kaza ko akuya su tafi wurin tsafi, a yanka, a zuba jini da giya. Ba za mu raina su ba. Sun gane abu ɗaya wanda yake gaskiya, wato laifi ba ya wucewa haka kawai, sai an biya. Amma bana a yanka, baɗi ma sai an sāke. Zuciyar mutum ba ta taɓa kwanciya ba. Isra'ilawa ma, waɗanda Allah da kansa ya ba su ka'idar hadaya, haka suka yi ta yi. Littafin Firistoci sura 16 ya ba da labarin Ranar Kafara. Sau ɗaya a shekara babban firist zai shiga bayan labule da jini. Akwai bunsuru biyu, a yanka ɗaya, ɗayan kuma a ɗora masa hannu a furta zunuban jama'a, a kore shi cikin jeji. Shekara ta kewayo, sai a sāke. Ibraniyawa sura 10 ta faɗi dalili, jinin bijimai da na awaki ba ya iya kawar da zunubi. Dabba ba ta san abin da ake yi da ita ba, ba ta kuma yarda ba. Mutum ne ya yi laifi, to, sai mutum ya tsaya a gurbinsa. Amma wane mutum, tun da kowa yana da nasa laifin?

Yesu shi ne wannan mutum. Ba shi da zunubi, ba a kuma tilasta shi ba. Shi ya ba da kansa, sau ɗaya tak. La'anar nan da Shari'a ta ambata, Galatiyawa 3:13 ta nuna cewa tamu ce ya ɗauka. Kada kuma wani ya ɗauka cewa Uba ne mai fushi, Ɗa kuma ya zo ya lallashe shi. A'a. Uban ne ya aiko Ɗan saboda ƙauna, tun muna masu zunubi, kamar yadda Romawa 5:8 ta koya. A gicciye Allah bai rufe ido ga zunubi ba, bai kuma yar da mai zunubi ba.

Karatunmu na Kolosiyawa ya kawo misalin bashi. Manomi ya san wannan. Ka karɓi taki bashi da damina, da alkawarin za ka biya da kaka, sai gona ta ƙi. Sunanka yana cikin littafin mai shago. In ka hango shi sai ka sāke hanya. Ran nan sai aka ce maka wani ya biya, an yage takardar. Za ka ƙara ɓuya? Bulus ya ce takardar bashin da ke kanmu, Allah ya kafa ta da ƙusa a gicciye. Markus ya ce duhu ya rufe ƙasa daga tsakar rana har ƙarfe 3, sa'ad da Yesu ya mutu kuwa labulen Haikali ya tsage daga sama har ƙasa. Daga sama ya fara, domin ba hannun mutum ba ne. Yanzu tsohuwar da ba ta iya karatu ba tana iya durƙusawa a ɗakinta ta yi magana da Allah da yarenta, ba sai ta nemi kaza ba.

Duk da haka mun san akwai masu zuwa sujada ran Lahadi, in yaro ya kwanta ciwo kuwa sai su bi dare su kai baƙar akuya wurin boka. Muna faɗin wannan da baƙin ciki, gama tsoro ne yake kai su. Amma wanda ya yi haka yana cewa jinin Yesu bai isa ba.

Yanzu mu koma kan wasiƙar 'yar'uwarmu. Cikin Littafin Ƙidaya sura 21, Allah ya umarci Musa ya ƙera maciji na tagulla ya sa a kan sanda, duk wanda maciji ya sara in ya dube shi zai rayu. Yesu da kansa ya kwatanta wannan da gicciyewarsa cikin Yohanna 3:14. Amma bayan shekaru masu yawa mutane suka fara ƙona wa macijin turare. Sai sarki Hezekiya ya farfashe shi, kamar yadda 2 Sarakuna 18:4 ta nuna, Littafi Mai Tsarki kuwa ya yaba masa. Abin da Allah ya ba da don alama, mutane suka mai da shi gunki. 'Yar'uwa, sa gicciye a wuya don shaida cewa ku na Kristi ne ba laifi ba ne. Amma in an ɗaura shi don ya kori mayu, ya zama laya, sai dai an sāke mata kama. Ƙarfen ba shi da iko. Wanda ya mutu a kan gicciye shi ne mai iko, Kolosiyawa 2:15 kuwa ta ce a can ya ƙwace makaman ikokin duhu ya kunyata su a fili. Ki kai yaron asibiti ba tare da ɓata lokaci ba, ki kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a. Mama kuma, kada ki yi mata tsawa. Ƙaunar jikanta ce ta sa ta kashe kuɗinta. Ki zauna da ita tare da maigidanki, ku karanta mata labarin Hezekiya da yarenku.

Akwai wani aikin gicciye wanda ba mu cika son ji ba. A Haikalin Urushalima akwai katanga wadda ta raba Yahudawa da sauran al'ummai. A 1871 an sami ɗaya daga cikin duwatsun gargaɗin da ke jikinta, an rubuta da Helenanci cewa baƙon da ya ƙetare, alhakin mutuwarsa yana kansa. Bulus ya ce cikin Afisawa sura 2, Kristi ya rushe katangar gāba, ya sulhunta ɓangarori biyu da Allah cikin jiki ɗaya ta wurin gicciye. Mu fa? Muna raira waƙa ɗaya da Hausa, amma in lokacin zaɓen dattawa ya zo, ko za a kawo sabon fasto, sai a fara tambaya, wane yare ne shi? Mun ga ikilisiyar da ta rabu biyu a kan wannan. Mun ga iyayen da suka hana 'yarsu auren mai bi na ƙwarai don kawai ya fito daga ƙetaren kogi. Laifin da Bilatus ya sa aka rubuta a kan gicciye, da harsuna uku aka rubuta shi, Ibrananci da Latin da Helenanci. Wanda aka tilasta ya ɗauki gungumen kuma, Saminu ne mutumin Kurane, wato ƙasar Libiya ta yau, a nan Afirka. Tun ranar farko gicciye ba na ƙabila ɗaya ba ne.

Maganar ramuwa ta fi wannan nauyi. Wasu cikinku sun rasa 'yan'uwa a rikicin Kaduna na 2000, ko na Jos na 2001, ko cikin hare-haren da suka biyo baya. Ba mu da bakin ce muku abu ne mai sauƙi. Ba mu kuma ce kada a kai ƙara wurin hukuma ba, gama neman adalci ba zunubi ba ne. Amma Luka 23:34 ta nuna Yesu yana roƙa wa masu kashe shi gafara, ƙusoshi kuwa suna jikinsa, ba bayan ciwon ya wuce ba. Matashin da ya tare hanya ya kashe baƙon da bai san kome ba, don wai yana rama wa Kirista, ba sunan Yesu yake ɗaukakawa ba, ko da gicciye yana rataye a wuyansa.

Yesu ya ce mai binsa sai ya ƙi kansa, ya ɗauki gicciyensa kowace rana. Mukan ji mutum ya ce ciwon baya ko talauci shi ne gicciyensa. Waɗannan wahala ce, Allah kuma ya san da su, amma suna samun mai bi da marar bi. Gicciye shi ne hasarar da ka yarda ka ɗauka saboda Kristi, alhali kana da hanyar gudu. Rabaran Lawan Andimi na ikilisiyar EYN, wanda 'yan Boko Haram suka kama a Michika suka kashe cikin Janairu 2020, ya ɗauki nasa har ƙarshe. Yawancinmu ba za a nemi ranmu ba. Abin da za a nema shi ne ka ƙi sa hannu a takardar ƙarya ko da za a hana ka ƙarin girma, ki ƙi auna wa mutane da lotsattsen mudu, ka je ka gai da ɗan'uwan da kuka yi shari'a a kan gona. Ku yi hankali kuma da mai wa'azin da kullum maganarsa mota ce da buɗi, a yi shekara ba a ji ya ambaci zunubi ko jinin Yesu ba.

Gicciyen da ke gaban yawancin majami'unmu ba kowa a kansa, domin Yesu ya tashi a rana ta uku. In da bai tashi ba, Bulus ya ce da bangaskiyarmu banza ce, da har yanzu muna cikin zunubanmu. Tashinsa ne ya tabbatar cewa Allah ya karɓi hadayar.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba ɓarayi biyu da aka gicciye tare da shi. Ku karanta Luka 23:39-43 tare da iyali kafin lokacin. 'Yar'uwa mai wasiƙa, muna yi wa yaron addu'a, ki sāke rubuto mana mu ji yadda jikinsa yake. Ubangiji ya tsare mu duka. Amin.