Injin Yankan Ƙarfe Ba Zarto Ba Ne: Jan Kunne Ga Kafintoci Da Magidantan Daddara Da Jibia

Duk mai bin hanyar Katsina zuwa Jibia zai lura cewa ƙarar sana'a ta sauya. A Daddara da Magama da cikin garin Jibia, rumfar kafinta da a da ba a jin komai daga cikinta sai jan zarto da bugun guduma, yanzu janareta ne ke ruri a gefenta, injin hannu na kuka a ciki. Magidanta ma sun shigo sahu. Wani ya saya, wani ya aro wurin maƙwabci, don ya rage tsawon ƙyaure, ko ya yanke rodi, ko ya huda bango ya kafa kanta. Matsalar tsaro da ta addabi wannan yanki ta sa kowa na son ƙofar ƙarfe da taga mai sanduna, sai aikin walda ya ƙaru, injinan yanka suka yawaita a hannun yara da manya.

Babu mai musun amfanin abin. Aikin da zarto ke cinye wuni a kansa, inji kan gama shi kafin shayi ya huce. Amma injinan sun iso mana ba tare da iliminsu ba. Masassaƙin da ya gaji gizago da gatari wurin mahaifinsa ya shafe shekaru yana kallo kafin a bar shi ya fafe turmin ƙirya shi kaɗai, kuma kayan aikinsa suna tsayawa ne a daidai lokacin da hannunsa ya tsaya. Injin lantarki kuwa ba ruwansa da tsayawar hannu. Ko an kashe makunni, faifan da ke kansa na ci gaba da juyawa na wasu daƙiƙoƙi, kuma duk abin da ya tarar, katako ne ko cinya, yankawa zai yi.

Mafi munin ɗabi'ar da ta yaɗu a tsakanin masu sana'a ita ce ɗaura faifai mai haƙora, irin na yankan katako, a kan ƙaramin injin da masu walda ke yanke ƙarfe da goge shi. Dalilin a fili yake: injin yankan katako na ainihi yana da tsada, wannan kuwa ga shi a hannu, ramin faifan ma ya yi daidai da sandar injin, ko kuma a yi masa ciko. Sai a cire murfin kariya don faifan ya samu wuri, a kwance mariƙin gefe don wai yana hana sakewa, a take katako da ƙafa a hau yanka.

Mu duba lissafin. Ƙaramin injin nan mai ɗaukar faifan inci huɗu da rabi, wato milimita 115, yana juyawa kimanin sau 11,000 a minti ɗaya. Wannan ya haura juyi 180 a kowace daƙiƙa, kuma bakin faifan na tafiya da gudun da ya wuce kilomita 230 a awa. Injin da aka ƙera don katako kimanin rabin wannan juyi yake yi, sannan yana da faffadan gindi da ke zama a kan katakon, da murfi mai rufe haƙoran da kansa da zarar an ɗaga shi. Na ƙarfe ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Faifan yankan ƙarfe cin ƙarfen yake yi a hankali, shi kuwa mai haƙora cafka yake yi. Idan haƙori ya ci karo da gaɓar itace, ko tsohuwar ƙusa da ta nutse a cikin falanki, ko katakon ya matse faifan, faifan zai tsaya cak amma ƙarfin injin ba zai tsaya ba. Sai injin ya yi tutsu ya dawo kan mai riƙe da shi. Babu ƙarfin damtsen da ke tare wannan, domin kafin ido ya gani an riga an gama. Likitocin ƙashi da na fiɗa a ƙasashe da dama sun yi rubutu a kan irin raunin da yake bari: yatsu, tsintsiyar hannu, cinya, fuska da wuya. Wanda ya ce ya shekara goma yana yi bai taɓa ji masa ciwo ba, sa'a ya ci, kada ya ɗauka gwaninta ce.

Akwai ƙanwar wannan ɗabi'a, wato ɗaura babban faifai a kan ƙaramin inji. Kowane faifai na kirki yana ɗauke da adadin juyin da zai iya jurewa, a rubuce a jikinsa. Na milimita 115 yakan jure kimanin 13,300 a minti, na milimita 230, mai inci tara, bai wuce wajen 6,600 ba. In ka ɗora babban a kan injin da ke juyi 11,000, ka zarce abin da aka gina shi a kai nesa ba kusa ba, kuma idan ya tarwatse, gutsattsarinsa ba sa zaɓen wanda za su samu, har yaron da ke wucewa da tallan goro. Ƙa'idar mai sauƙi ce: lambar da ke jikin faifai ta fi wadda ke jikin inji, ko su zo daidai. Mutane da yawa ba su san ma faifan yanka yana da wa'adi ba. Ƙaron da ya haɗa shi yana lalacewa da daɗewa da laima da zafi, shi ya sa kamfanonin kirki ke buga wata da shekarar ƙarewarsa a kan zoben ƙarfen da ke tsakiya, yawanci shekara uku daga ƙera shi. Faifan da ya sha rana a kan tabarmar ɗan kasuwa, ko ya faɗi ƙasa ya tsage, ko gefensa ya ɓantare, wurinsa bola. Siririn faifan yanka kuma ba a guga da gefensa, akwai mai kauri da aka yi don haka.

Sai batun saye, wanda zaman bakin iyaka ya ba shi wani salo na daban. Kaya na shigowa nan ta fuska biyu: daga kasuwannin Kano da Katsina, da kuma daga Maraɗi ta Ɗan Isa zuwa Magama. Rufe iyaka da aka yi a nan daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da faɗuwar darajar naira, duk sun tura mutane ga gwanjo da mai araha. Gwanjo ba laifi ba ne, sau da yawa tsohon inji na asali ya fi sabon jabu ƙarko. Sai dai a karanta ɗan allon da ke manne a jikinsa. Wutar Najeriya da ta Nijar duka tsakanin volt 220 ne zuwa 240, injin da aka yi don kasuwar Amurka kuwa na 110 ne zuwa 120. In ka jona shi kai tsaye, zai yi wani irin gudu na ɗan lokaci, ya yi hayaƙi, ya ƙone, kuɗinka sun tafi. Kafin ka biya, a tayar maka da shi a gabanka. Ka saurari ƙararsa, ka leƙa ta ramukan iska ka ga ko tartsatsi na yawa a ciki, ka girgiza sandar ka ji ko tana lilo, ka bi wayar da hannu tun daga fulogi har gindi. Wanda aka ce sai ka je gida ka gwada, bar shi.

Jabu kuma ya fi son manyan sunaye. Bosch na Jamus, Makita na Japan da DeWalt na Amurka su ne aka fi kwaikwayo, wani lokaci a canza harafi ɗaya a sunan, wani lokaci a kwafe shi sak. Alamominsa rashin nauyi, roba mai walƙiya da warin ƙauri, babu lambar ƙira, babu takardar bayani, farashi kuma rabin na gaske. Araha ba ta ado. Gara ka sayi inji mai matsakaicin suna wanda dillalinsa ke da shago a tsaye, ake samun gawayinsa da sauran kayan gyaransa, da ka sayi babban suna na ƙarya. Ka karɓi rasit. Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kayan da ake shigowa da su, hukumar FCCPC kuma ke sauraron koken masu saye, amma ba wadda za ta iya yi maka komai in ba ka da shaidar inda ka saya.

Kayan da suka biyo ta Nijar galibi fuloginsu mai ƙafa biyu ne zagayayyu, irin na Faransa, soket ɗinmu kuwa mai ramuka uku ne. Maimakon a canza fulogi, sai a datse shi a cusa tsirarar waya a rami, a danne da tsinken ashana. Wannan ya zama ruwan dare har an daina ganin muninsa. Ramin nan na uku ba ado ba ne, shi ke kwashe wuta zuwa ƙasa in ta zubo a jikin inji mai gangar ƙarfe. Injin da ke da alamar murabba'i a cikin murabba'i an yi masa rufi biyu, ba ya bukatar waya ta uku, amma shi ma ba a aiki da shi a jiƙaƙƙen wuri ko da ƙafa ba takalmi. Akwai ƙaramar na'ura da masu haɗa wuta suka sani, mai katse lantarki da zarar ya fara bi ta jikin mutum, wadda ake rubuta 30mA a kanta. 

Tunda wutar kamfanin lantarki na KEDCO ba abin dogaro ba ce, janareta ne uban tafiya, kuma nan ma akwai tarko. Ƙaramin janaretan da ake kunna fanka da talabijin bai kai wat 1,000 ba, babban injin yanka kuwa yana neman 2,000 ko fiye, kuma a lokacin tashi yana jan abin da ya fi haka. Ƙarancin wuta na ƙona inji kamar yadda yawanta ke yi. Doguwar siririyar waya, musamman in an bar ta a nannaɗe, zafi take ɗauka, a rumfar da ke cike da garin katako da fenti da tina. Kada a manta da wata kasada: wuta ta ɗauke ana cikin yanka, a ajiye inji ba a kashe makunni ba, wuta ta dawo ya tashi da kansa a ƙasa. Janareta kuma waje ake ajiye shi, nesa da ƙofa da taga, domin iskar da ke cikin hayaƙinsa mai kisa ba ta da wari ba ta da launi. Masu amfani da injinan batir su daina barin batir a rana ko a kan caji cikin dare.

Sutura ma abin dubawa ce. Hannun riga mai faɗi, jelar rawani, carbi a wuya, duk abin da ke reto inji na iya naɗe shi. Tabarau na kariya ba su da tsada, kuma tabaran gayu ba sa maye gurbinsu. Ƙurar katako tun 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke haddasa dajin hanci, ƙurar tayil da bulo da ake yankawa a bushe kuwa tana taruwa a huhu ba ta fita. Takunkumi mai kyau da yin aiki a sarari suna rage wannan sosai.

Kayan hannu ma ba a raina su. Guduma mai kwancen kai, kurfin da kansa ya baje, ƙotar gatari mai tsaga, zarto da ya dakushe har sai an danna da ƙarfi, su ne ke jawo yawancin ƙananan raunuka. Kaifi ya fi dakushi aminci, saboda ba ya sa ka yi amfani da ƙarfin da zai sa hannu ya zame. Falankin da aka ɓalle daga rufi a cire ƙusoshinsa nan take, ko a lanƙwasa su. Ƙusa ta soki mutum a ƙafa, ramin ƙarami, sai a ce ba komai, alhali irin wannan rami mai zurfi da datti shi ne mazaunin cutar tetanus, wadda ke kulle muƙamuƙi ta sanƙarar da jiki. Allurar rigakafinta tana nan a asibitoci, kuma duk mai sana'ar katako ko ƙarfe ya kamata ya yi ta tun kafin ya ji rauni.

In tsautsayi ya auku, a danne wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, a ɗaga gaɓar sama, a nufi asibiti. Kada a zuba fetur, ko baƙin mai, ko man birki, ko ruwan batir, ko toka, ko ƙasa. Yatsan da ya guntule a naɗe shi a tsumma mai ɗan laima, a sa a leda a ɗaure, a sa ledar a cikin ruwan sanyi, kada ya taɓa ƙanƙara kai tsaye, a tafi da shi tare da mai raunin. Abin da ya shiga ido kada a murza, kada a sa harshe ko tsinke. Wanda wuta ta kama kada a taɓa shi sai an kashe janareta ko an ture wayar da busasshen itace. A tuna kuma da nisa: daga Jibia zuwa Katsina kimanin kilomita 45 ne, babban rauni kuma yakan wuce ƙarfin Babban Asibitin Jibia a tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wani ma sai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Hanyar nan kowa ya san ba a son bin ta da dare. Don haka aikin inji a yi shi da rana, ido biyu, ba a gajiye ba, ba kuma da taimakon ƙwaya ba.

Magana ta ƙarshe ga iyayen gida masu rumfuna ce. Yaran da iyayensu suka damƙa muku amana ne, kuma abin da suka ga oga na yi shi za su yi. Kada yaro ya taɓa inji sai ya iya zarto da kurfi, sai kuma an tsaya a kansa. Shugabannin ƙungiyoyin kafintoci da na masu walda a Daddara da Jibia suna da ikon hana ɗaura faifai mai haƙora a kan injin ƙarfe a tsakanin mambobinsu, su sa tara ga wanda ya karya, ba sai sun jira gwamnati ba. Kai kuma maigida, in ka kira mai aiki gidanka ka ga ya fito da inji babu murfi, ka ce ya mayar da murfin ko ya ɗauko zarto, kuma ka kore yara daga tsakar gidan kafin ya kunna.