Yadda ake ladabtar da ɗaliban Kwalejin 'Yan Sanda ta Wudil

A Kwalejin 'Yan Sanda ta Wudil, a jihar Kano, ɗalibi yana ƙarƙashin doka iri biyu: ta jami'a da ta kaki. An kafa kwalejin a 1988, aka ɗaga darajarta zuwa mai ba da digiri a 2012. Ɗalibi kan shafe shekara 5 kafin ya fito da digiri da muƙamin ASP.

Ƙananan laifuffuka, irin su makara a fareti ko ƙazantar kaki, malaman horo ne ke maganinsu nan take, galibi da ƙarin fareti.

Manyan laifuffuka kuwa, kamar satar amsa, shan ƙwaya, sata ko barin makaranta ba izini, sai an kafa kwamiti. Za a gaya wa ɗalibi abin da ake tuhumarsa da shi, a saurari bahasinsa, domin sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin kare kansa. Kwamiti kan miƙa shawara ga kwamandan kwalejin, mai muƙamin AIG. Hukuncin na iya zama gargaɗi, maimaita aji ko kora. Wanda yake ganin an zalunce shi yana iya garzayawa kotu.

Da zarar ɗalibi ya rataya anini, maganarsa ta koma Abuja. Kwamitin ladabtarwa na rundunar 'yan sanda, a hedikwatarta ta Louis Edet House, shi ke sauraron ƙarar jami'ai daga ASP zuwa sama, sannan Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ta yanke hukuncin rage girma ko kora.